Daga Fadamar Rake Zuwa Samaru: 'Ya Mace da Karatun Injiniya

Wanda ya tashi a ƙasar Makarfi ba zai iya tuna ranar da ya fara ganin inji ba. Mu dai mun buɗi ido a Nasarawan Doya mun tarar da doki yana zagaya injin matsar rake, an ɗaura masa doguwar sanda, yaro na biye da shi da tsumagiya, wani na tura rake tsakanin ƙarafa, ruwan yana tsiyaya cikin garwa. Can gefe ga ƙaton kasko a kan wuta, ana iza masa busasshiyar tuƙar raken, ana kwashe kumfa, har ruwan ya yi kauri a zuba shi a 'yan tasoshi ya daskare ya zama mazarƙwaila. Daga baya injin niƙa ya shigo gari, injin ban-ruwa ya kori jigo daga fadama, yau kuma ga sola a rufin masallaci da bakin rijiyar burtsatse. 'Yan mata ne suka fi kowa hulɗa da waɗannan abubuwa. Su ke kai niƙa, su ke bin layin ruwa, su ke ɗaukar tallar mazarƙwailar. Amma da zarar inji ya tsaya, sai a ce su matsa gefe, a aika a kira namiji.

Wata shekara da rani na je gida, na bi yayana fadama. Injin ban-ruwansa ya ƙi tashi, ya ja igiya har gumi ya jiƙa masa riga. 'Yarsa, wadda a lokacin take aji biyu na ƙaramar sakandare, ta kawo masa abinci. Ta ajiye kwanon ta tsuguna, ta ɗauki sifana.

"Ke, ajiye wannan kada ki ƙarasa mini shi."

"Baba, falogin ne ya yi baƙi. Bari in kankare shi ka gani."

Ta kwance shi, ta kankare bakin da 'yar wuƙa, ta hure, ta mayar ta ɗaure. Ja biyu inji ya kama, ruwa ya biyo tiyo. Yaya ya yi dariyar jin daɗi, ya dube ni ya ce, "Kin gani ko? Wannan da namiji ce da injiniya za ta zama." Da zuciya ɗaya ya faɗi maganar, yabo yake yi. Ni kuwa ta tsaya mini a rai, har na shiga bin diddigin inda muka samo ta.

Abin da na fara ganewa shi ne maganar ba ta da tsufan da muke zato. Kafin zuwan Turawa, matan ƙasar Zazzau suna cikin masu sarrafa abu da hannu da dabara. Su ke gurzar auduga su yi kaɗi da mazari, kuma zaren da suka kaɗa shi ke ciyar da masaƙa da marina. Su ke gina tukwane, su ke daɓen ɗaki har ya yi santsi kamar siminti, su ke matse mai daga gyaɗa, su ke haɗa sabulun salo daga toka. Baba ta Karo, wadda ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, ta yi bayanin yadda mata ke kaɗi su sayar su tara abin kansu. Ta fuskar neman ilimi kuma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta bar tsarin jajoji da 'yan taru, inda mata ke tasowa daga ƙauyuka su je ɗaukar karatu su koma su koyar. Karatun addini ne, ba na ƙarfe da lissafi ba, amma ya kafa hujjar da har yau muke bukata: aure ba ya rufe wa mace littafi.

Injiniyanci irin na zamani da jirgin ƙasa ya iso mana. Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, ya bi ta ƙasarmu ta wajen Gimi. Injiniyoyin Turawa ne, leburorin kakanninmu ne maza. Su kuma Turawan sun zo ne da al'adar garinsu, wadda a wancan zamani ba ta yarda mace ta kusanci wannan sana'a ba. A Ingila, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, mata ne suka riƙe masana'antu da maza suka tafi fagen fama. Da aka gama yaƙi, a 1919, sai aka yi dokar da ta mayar wa maza gurabensu, aka sallami matan. Baƙin cikin wannan ne ya sa wasunsu suka kafa ƙungiyar mata injiniyoyi ta Birtaniya a wannan shekarar. Alice Perry, wadda ta sami digirin injiniyan gine-gine a Galway ta ƙasar Ayalan a 1906, abin nuni ce a zamaninta don ba ta da ta biyu a ƙasarta. Faransa ma, babbar makarantarta ta injiniyoyi, École Polytechnique, sai 1972 ta fara karɓar mata, kuma a wannan shekarar wata yarinya mai suna Anne Chopinet ce ta zo ta ɗaya a jarrabawar shiga. To mutanen da ke haka a gidajensu su ne suka tsara mana boko.

Ga yadda suka tsara shi. An buɗe wa yara maza Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, ita ce ta koma Kaduna a 1938, ta dawo Zariya a 1949, ta zama Barewa. 'Yan mata kuwa sai 1930 aka buɗe musu makarantu na farko a Kano da Katsina, kuma abin da ake koya musu bai wuce karatu da rubutu da ɗan ƙirga ba, sai tsafta, ɗinki, girki da renon yara. A 1939 aka buɗe cibiyar horar da malamai mata a Sakkwato. Manufar a fili take: a samar wa ma'aikatan En'e matan aure masu tsafta, a samar da malamai da ungozomomi. Ba wanda ya yi tunanin ɗakin gwaje-gwaje.

Nan ne tarihin ya zo ƙofar gidanmu. A farkon shekarun 1950 aka kafa reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya a Samaru, kuma a tsakiyar shekarun aka fara koyar da injiniyanci a can, ɗalibai suna ɗaukar digirin Jami'ar Landan. A duk faɗin Nijeriya, nan ne wuri na farko da aka fara ba da digirin injiniya. Daga Legas da Inugu da Ibadan ake tahowa Zariya nemansa. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, ta gaji wannan tsangaya da sassanta na gine-gine da lantarki da ƙere-ƙere. Daga Nasarawan Doya zuwa wannan ƙofa tafiyar ba ta kai ta awa biyu a mota ba.

Amma wace yarinya ce za ta shiga? Sakandaren gwamnati ta farko ta 'yan mata a duk Jihar Arewa sai 1956 aka buɗe ta, a Ilori, da sunan Sarauniya Elizabeth. Akwai makarantun mishan, irin ta Kakuri wadda daga baya ta zama Kwalejin Sarauniya Amina, sai dai iyaye Musulmi na ƙauye ba su kai 'ya'yansu can. Wato lokacin da aka fara yaye injiniyoyi a Samaru, yara maza sun riga 'yan mata da shekara fiye da 30 a karatun sakandare. Babu wata doka da ta hana mace shiga tsangayar. An dai gina bene ne ba a yi mata matakala ba. A ganina wannan shi ne asalin ciwon, kuma har yau bai warke ba: tun a ƙasa muke rasa 'yan matanmu, kafin su hango ƙofar jami'a.

Duk da haka Zariya ta ga mata da suka keta. Deborah Ajakaiye, haifaffiyar Jos, a Jami'ar Ahmadu Bello ta yi digirinta na uku a 1970 kan kimiyyar abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ta koyar a nan, kuma a 1980 ta zama mace ta farko farfesar fizis a Afirka. Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ta horar da Chinyere Kalu, mace ta farko matuƙiyar jirgin fasinja a Nijeriya, wadda ta dawo ta shugabanci kwalejin a 2011. A matakin ƙasa, Joanna Maduka ta jagoranci kafa ƙungiyar mata injiniyoyi ta Nijeriya, APWEN, a 1982, ta kuma zama mace ta farko shugabar Cibiyar Manyan Injiniyoyi ta ƙasa a 2016. A wannan shekarar ce Injiniya Hauwa Muhammad Sadique ta zama 'yar Arewa ta farko da ta shugabanci APWEN. Ita kuwa uwar ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, NSE, da aka kafa tun 1958, sai a Janairun 2024 mace ta hau kujerarta, Margaret Oguntala. Shekara 66 ke nan. Ina alfahari da waɗannan mata ƙwarai. Amma in ka dubi tarihinsu za ka ga yawancinsu sun taso ne inda akwai makarantar da ke koyar da kimiyya da iyayen da suka tsaya musu. Hazaƙa kam Allah ya watsa ta ko'ina, har bakin fadamarmu.

Mu 'yan ƙauye boko ya same mu sosai ne da shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Sannan a 1982 aka shigo da tsarin 6-3-3-4, wanda babban burinsa shi ne kowane yaro ya taɓa guduma da zarto da waya kafin ya gama aji uku. Gwamnati ta sayo injuna da kayan aiki daga ƙasashen waje ta rarraba wa makarantu. Ni ganau ce. A makarantar da na yi, akwatunan suna jibge a wani ɗaki a kulle, muna leƙensu ta taga. Babu wutar da za ta juya su, babu malamin da aka horar a kansu. In lokacin darasin fasaha ya yi, sai a raba mu: maza su tafi zanen injuna a allo, mu a kaɗa mu ɗakin koyon girki da ɗinki. Na taɓa ce wa malaminmu ina so in zauna wajen zanen, ya ce, "Ke me za ki yi da shi a ɗakin miji?" Ina da shekara 13. Ban ƙara tambaya ba, kuma har yau ina jin zafin wannan rana.

Maƙwabtanmu Kanawa sun gwada wata dabara wadda ta cancanci a tsaya a kanta. A 1977 suka ware makarantun sakandare na kimiyya zalla a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, suka zuba musu malamai da kayan gwaji, suna tace ɗalibai da jarrabawa. A 1981 suka buɗe ta 'yan mata a Taura. Makarantar kwana ce, mata zalla, abin da ya kwantar da hankalin iyaye. Sakamakon ya nuna cewa in aka ba 'yar Bahaushe malamin fizis da ɗakin gwaji, za ta ci jarrabawa kamar kowa. Sai dai wani abu ya bayyana wanda har yanzu muke gani: mafi yawan 'yan matan da suka yi zarra a kimiyya likitanci da jinya da haɗa magunguna suke nufa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Al'ummarmu ta samo wa kanta hujjar likita mace. Kowane magidanci ya san ranar da ya kai matarsa asibiti ya yi fatan mace ce za ta duba ta. Shi ya sa kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi ta cika da 'yan matan Ikara da Kudan da Hunkuyi, kuma uba yana sayar da buhun masara ya biya kuɗin da farin ciki. Injiniya mace kuwa ba mu zauna mun samo mata tata hujjar ba. In an ce injiniya, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne bakanike kwance ƙarƙashin mota, ya yi dumu-dumu da baƙin mai, ko mai hular kwano a tsakiyar lebura a rana. Sai uwa ta ce, "Wa zai auri wannan?"

Alhali hujjar tana cikin gidajenmu. Gida nawa ne a Nasarawan Doya aka rubuta wa "ba shiga" a zaure? In sola ta lalace, ko wayar wuta ta ƙone a ɗakin amarya, sai a jira maigida ya dawo daga gona ko daga Legas kafin mai gyara ya shiga. Mace mai wannan ilimi sallama kawai za ta yi. Wa ya san nauyin hannun famfon burtsatse kamar wadda ke buga shi da ciki wata bakwai? Wa ya san hayaƙin murhu kamar wadda idonta ke ruwa a kansa safe da yamma? Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta daɗe tana ƙera injunan sussuka da ɓarzar gyaɗa da matsar mai, ayyukan da tun fil azal a hannun mata suke. Tumatirin Ikara da Kudan da ke ruɓewa a kwando duk kaka, matsalar injiniya ce: ta busarwa, ta sanyaya, ta sarrafawa. Kuma yawancin aikin injiniya na yau a tebur ake yinsa, da lissafi da kwamfuta.

Akwai masu cewa addini ne ya hana, wasu cikinmu suna faɗa don kare kansu, wasu daga waje suna faɗa don su zarge mu. Alƙaluma sun ƙaryata su duka. Rahoton kimiyya na UNESCO na 2021 ya nuna cewa a duniya baki ɗaya mata kashi 28 cikin ɗari ne na masu kammala digirin injiniya. A Amurka kashi 20 ne da 'yan kai, a Faransa 26, a Japan 14 kacal. A Aljeriya kuwa sun haura 48, a Tunisiya 44, a Oman 43, a Maroko 42. Ƙasashen Musulmi ne waɗannan, 'yan matan da yawa da hijabinsu suke shiga ɗakin gwaji. Saudiyya ma, wadda ta makara, ta fara ba mata digirin injiniya a Jami'ar Effat da ke Jidda a 2006. Abin da na fahimta game da ƙasashen Arewacin Afirka shi ne, yarinya tana samun sakandare mai koyar da lissafi da kimiyya kusa da gida, makin jarrabawa ne ke zaɓa mata fanni, iyaye kuma suna kallon injiniyanci a matsayin aikin mutunci mai albashi. Ba a ce sun gama da matsala ba, domin da yawa suna gama karatun su rasa aiki. Amma matakalar da mu aka hana mu, su an gina musu.

Indiya ta fi kama da mu, shi ya sa labarin wata 'yar ƙasar mai suna Lalitha ke taɓa ni. An yi mata aure tana da shekara 15, mijinta ya rasu tana da 18, ya bar ta da jaririya. Mahaifinta, malami a kwalejin injiniya ta Guindy a Madras, shi ya tsaya har aka ɗauke ta, ta gama a 1943, ta zama mace ta farko injiniyar lantarki a ƙasar. Bayan shekara 75, da Indiya ta ga 'yan mata ba su wuce kashi 8 cikin ɗari a manyan cibiyoyinta na fasaha ba, sai ta ƙara musu kujeru na musamman daga 2018, ba tare da an rage na maza ba, har suka kai kashi 20. Mu ma muna da irin Lalitha. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero ta yi aure bayan sakandare, ta haifi 'ya'ya, sai tana da shekara 29 ta shiga jami'a, ta zama masaniyar fizis ɗin sararin sama har duniya ta karrama ta a 2015.

A 'yan shekarun nan an ɗan motsa. Jihar Kaduna ta ayyana karatun sakandare kyauta ga 'yan mata a 2018, kuma tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya a 2020, wanda ke gina ajujuwa da tallafa wa iyaye. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata ta Zariya tana tara 'yan matan ƙauyuka tana ƙarfafa musu karatu da lissafi. Duk alheri ne. Amma mai son karanta injiniya dole ta zo da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, lissafi, fizis da kimistiri, ta kuma rubuta waɗannan huɗun a JAMB. Yarinyar da makarantarta ba ta da malamin fizis, an riga an yanke mata hukunci tun ranar da ta shiga aji huɗu, ko da kuwa ba a karɓi sisinta ba. Ga kuma tsoron da satar ɗalibai ta jefa a zukatan iyaye, wanda ya sa makarantar kwana, dabarar da ta yi wa Kano aiki, ta zama abin fargaba.

Wannan ne ya sa da 'yar yayana ta gama aji uku, na koma gida takanas. Na sami Yaya a zaure bayan la'asar, na gaishe shi, na ce ya ba ni ita ta zauna wurina a Zariya, inda akwai makarantar da ke da ɗakin gwaji. Ya yi shiru. Ya ce mutane za su ce ya kai 'yarsa karatun maza. Na ce, "Yaya, ranar da ta tayar maka da inji a fadama, rakenka bai tambayi ko hannun wa ya ba shi ruwa ba." Inna da ke jin mu daga tsakar gida ta ce a bar yarinya ta bi gwaggonta. Haka aka yi.

Bana ta gama aji shida. Ranar da za a cike fom, ta kira shi a waya ta ce injiniyancin aikin gona take so, a Samaru.

"Shekara nawa ne karatun?"

"Biyar ne, Baba."

Na ji shi yana lissafi a hankali, yana haɗa shekarunta da biyar ɗin. Can ya ce in karɓi wayar. Ya ce mini akwai waɗanda suka fara aiko masa da maganarta, kuma ya gaya musu duk mai so sai ya yarda da karatun, a faɗa a gaban shaidu ranar ɗaurin aure. Sannan ya ce in faɗa mata ta cike fom ɗin, ranar kasuwar Makarfi zai kai mazarƙwaila ya turo kuɗin.